Ƙwallo a Sawun Saniya

Kawuna ya dawo Zuru daga aikin soja da jakar sandunan golf, wasan da rediyo ke kira ƙwallon lambu. A bariki ya koya. Ya roƙi aron wani fili a gindin dutse, ta hanyar Manga, ya haƙa ramuka shida, ya binne gwangwanin madara a kowanne. Lokacin ina koyarwa a firamare, ina zaune a gidansa, don haka duk Asabar ni ma sai a miƙo mini sanda.

Da farko mun kai mu goma: tsofaffin sojoji, wani mai kemis, da tsohon hedimastanmu. In ban da Kawu, babu wanda ya iya. Ni sai na kai duka uku kafin in sami ƙwallon. Hedimasta ya fi ni rashin iyawa. Zai daɗe yana gyara tsayuwa, ya kai duka, ƙasa ta tashi, ƙwallo tana nan inda take. Shi ke fara dariya kafin mu.

Dokoki ne suka raba mu. Kawu yana da ɗan littafinsu a aljihu, kuma ba ya ɗaga ƙafa. Wata Asabar da damina, ƙwallon Hedimasta ta faɗa sawun saniya, laka ta riƙe ta. Ya sunkuya zai ɗauka.

Kawu ya ce, "Malam, bar ta! Inda ta faɗi nan ake bugunta."

"Haba Oga, wanda ya rubuta littafin nan ya san da shanu?"

"Ni dai haka aka koya mini."

Sau bakwai yana bugu, laka duk ta ɓata masa wando, Kawu yana ƙirgawa da ƙarfi. Hedimasta ya jingine sandar a jikin ɗorawa ya ce, "Hutawa na zo yi, ba jarrabawa ba." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Daga nan aka fara zamewa. Mai kemis ya ce shago ba ya barinsa. Wani ya ce gwiwa. Ɗaya ya rasu. Kafin kaka, daga ni sai Kawu. Nakan ga yana waiwayen hanya duk lokacin da ya ji ƙarar babur.

Sai da shekara ta zagayo ya ce in raka shi gidan Hedimasta. Bayan gaisuwa ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce, "Malam, na yi zafi da yawa. Ka dawo. In ta faɗa laka, ka ɗauka."

Hedimasta ya sa hannunsa na hagu ya ɗago na dama ya nuna mana, ya shanye. Hawan jini ya taɓa shi watanni biyu da suka wuce, mu ba mu ji ba.

Duk da haka, Asabar ɗin muka ɗauko shi a mota, da kujerarsa ta roba. Kawu bai buga ba ranar. Suka zauna a inuwa suna hirar takin zamani da jikoki, ni kaɗai na zagaya ramukan.