Barewar da aka rubuta a littafin Turawa

Duk sanda na wuce shagon masu takalman fata, warin jima ya bugi hancina, sai in ga kaina a rumfar kakana a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ina 'yar shekara tara, ina goga masa kaki a zare. Baduku ne. Da ƙafa ya taho daga ƙasar Katsina, ya sauke farali, sannan ya zauna a Jidda wai kafin guzurin komawa ya haɗu. Har furfura ta cinye gemunsa guzurin nan bai haɗu ba.

A bangon rumfar akwai fatar wata barewa, ja mai fararen ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa mata nono. Wani alhaji Ba'indiye ne ya ba shi tukuici, don ya ɗinke masa jaka ranar da jirginsu zai tashi. Babu wanda ya san sunan dabbar a cikinmu.

Wanda ya kawo mana sunan wani Bahaushen Sudan ne, magatakarda a tashar jiragen ruwa, mai jin Turanci. Ya zo a tsakiyar zafin nan da iskar teku ke manna wa mutum riga a jiki. Ba don fata ya zo ba. A shekarun ana rubuta waɗanda suka daɗe a gari, ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, kuma ta hannun maigida ake rubuta iyali. Mahaifina ne ya roƙe shi ya lallashi tsohon.

Ya shafa fatar ya ce, "Ya ammi, cital Turawa ke kiran wannan. Sunan ma ba nasu ba ne, wajen mutanen Indiya suka aro, ma'anarsa mai ɗigo-ɗigo. Amma da suka sa shi a babban littafinsu, halas, shi ke nan, ya zama ɗan gida. Kai ma ka bari a rubuta ka."

Kakana ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ita da aka rubuta ga ta nan a rataye. Ni baƙon Allah ne, ba na neman takardar mutum. Wanda ya karɓi ƙasar wani, da wace fuska zai koma tasa? Baɗi war haka muna gida."

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ɗa ba ya musu da uba a gaban baƙo, shi kuwa ko a bayan baƙon bai iya ba. Mahaifiyata ta yi kukanta a madafa.

Daga ranar kalmar ta zauna a gidanmu, amma ta ba'a. Duk maƙwabcin da ya karɓi takarda sai kakana ya taɓe baki ya ce shi ma ya zama cital. Mu yara muka ɗauka, muna bin 'ya'yansu lungu-lungu muna yi musu ihu da ita. Ni ce kan gaba, don bakina ya fi na kowa kaifi, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Da aka buɗe makarantar 'yan mata, waɗanda muke tsokana suka shige ciki. Ni aka tambayi mahaifina takarda, ba shi da ita. Muka juyo gida ina rungume da sabuwar jakar da kakana ya ɗinka mini da hannunsa. Lokacin an riga an rufe rubutun 'yan ƙasa.

A Jidda kakana ya rasu, a nan aka binne shi, kabari dai bai tambaye shi takarda ba. Mu ya bar wa iƙama, takardar zaman baƙi, da kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta huce ba. Taurin kai na yini ɗaya ne muke biya har zuriya ta huɗu.

Yanzu a unguwar Khumra nake zaune, can gefen Jidda. Rumfunan dukawa sun tashi, 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a lungunanmu na Balad. Jikata a nan aka haife ta, haka uwarta, haka ni, Hausarta kuma ba ta wuce gaisuwa ba. Watan jiya kafilin ubanta ya rufe ma'aikatarsa, aka ce su tattara su koma Najeriya. Ta zo ta dafa gwiwata, ta tambaye ni da Larabci, "Ya sitti, wa muka sani a can?"

Na daɗe ina lalube a kaina, ban samo mata ko suna ɗaya ba.