Juya Azara a Tsakar Gida

A farkon daminar da rufin ɗakin mahaifiyata ya rufta, na sayo azarar giginya doguwa daga wajen Tsauni. Maƙwabta suka ɗaga mana ita ta kan katanga da safe, suka wuce gona. Sai bayan azahar maginin da na ɗauko ya lura mun shigo da ita a juye: gindin, wanda ya kamata a fara cusawa a ramin bango, shi ne ke kallon zaure.

Tsakar gidanmu ƙarama ce, ga rumbu, ga rijiya. Muka gwada juya ta daga tsakiya, ta tokare. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin, tsohuwa na zaune bakin murhu, kayanta duk a waje.

Magini ya ce, "Malam, zarto kawai. A raba ta biyu."

Na ce, "In an raba, me zai kai bango da bango?"

'Yata ta fari, wadda ke koyar da lissafi a lise, wato makarantar sakandare, a Damagaram, ta zo hutu. Ta ce, "Baba, ku daina juya ta kamar muciya. Ku tura gaba, ku karkata kaɗan, ku ja baya, ku sake karkatawa."

Magini ya ce, "To, Malama, yau kuma allo muka zama?"

Amma ya kama. Muna turawa, iska na watsa mana ƙasa a ido, ita tana tsaye kan turmi tana ba da umarni. Da na ce wurin ba zai isa ba, sai ta ce masana lissafi sun daɗe suna tambayar haka: wane ƙaramin wuri ne zai isa a juya sanda, kuma siraran bututu masu kallon kowace fuska, iya ina za su hau kan juna su matsu? Wani ɓangaren an warware, saura har yau ana fama.

Na ce, "Allah ya ba su sa'a. Mu tamu ta yau ce."

Kan azarar ya gogi rumbu, yumɓu ya zubo. Na yi ta salati. Muka ja baya taku guda, ta wuce da ƙyar.

Ɗigon farko ya same mu muna cusa gindin a ramin. Ba mu samu aza ƙasa ba, tabarmi da leda muka shimfiɗa a kai. Tsohuwa ta kwana a ɗakinta, ƙwarya biyu na tarar yoyo.