Waƙoƙin da ke Wayar Autanmu

A garinmu idan mutum ya rasu, bayan wanka da sutura akwai wani wankan da ake yi wa wayarsa. Ana kai ta rumfar mai caji ya goge duk waƙar da ke ciki, ya zuba karatun Alƙur'ani da wa'azi. An ce duk wanda ya saurari kiɗa daga wayar mamaci, alhakin zai bi mamacin har kabari. Waya ba ta daɗe da zuwa ba, amma al'adar ta zauna daram kamar da ita aka kafa garin.

Autanmu 'yan bindiga ne suka harbe shi a gona, can bayan Damari, lokacin maimai. Ina ɗakina a Faskari saƙo ya iso. Kafin babur ya gama fama da ramukan hanya ya sauke ni, har an kai shi makwancinsa. Ban yi kuka ba. Mata masu zuwa gaisuwa suka yi ta nuna ni, wai ga mai tawakkali. Tawakkalin me? Na ci tuwo, na wanke kwanuka, na amsa gaisuwa har bakina ya gaji. Jikina ne kawai ya koma kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta ji.

Bayan sadakar uku Inna ta kira ni ɗaki. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta faɗar sunana. Ta miƙo mini wayar, gilashin ya tsage ta gefe.

"Ke, amshi wagga. Ki kai a wanke mashi ita. Kin dai san abin da shike ji."

Na sani sarai. Auta ba ya jin waƙar biki, ba ya jin ta 'yan siyasa. Nasa waƙoƙin na wani saurayi ne da babu wanda ya san sunansa, daga waya zuwa waya suka yi ta yawo har suka iso mana. Da ji ka san a ɗaki aka ɗauke su, don akwai wadda zakara ke cara a tsakiyarta. Gurmi ne guda, ana taɓa shi a hankali, sai murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri. Mawaƙin bai taɓa cewa yana baƙin ciki ba. Zancen ƙyauren da aka bari a buɗe yake yi, da takalman da ruwa ya daka a ƙofar ɗaki. Wadda auta ya fi so kuwa, a kan furar da aka dama aka rufe da faifai ce, ana jiran wani, har ta yi tsami.

Na sha tsokanarsa. "Wai mawaƙin nan naka ya karya kumallo kuwa? Ka kai shi asibiti mana."

Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba ki gane ba. Shi bai ce ki yi murna ba, bai ce ki yi haƙuri ba. Zama kawai shike yi kusa da ke."

A lokacin na ɗauka shirmen samari ne.

Da hantsi na kama hanyar rumfar mai caji. A gindin wata ɗorawa na tsaya, na duba gabas da yamma, na zauna a kan saiwa. Na ce, ya Allah, alhakin wannan ni za a rubuta wa, ba shi ba. Na kunna ta furar, na kara wayar a kunne. Kwana da kwanaki kowa na gaya mini abin da ya kamata in ji, wannan muryar ce kaɗai ba ta nemi komai a wurina ba. Hawaye bai zo ba. Amma na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, kaɗan, irin tsikarin da ƙafa ke yi idan jini ya fara komawa. Na so in sake kunnawa. Na tashi.

Mai cajin ya san auta, ya yi mini gaisuwa. Da ya ga na riƙe wayar na ƙi saki, sai ya rage murya.

"Hajiya, in kina so in tura maki su a taki kahin in goge."

Na so, wallahi na so. Ba mu da hotonsa mai kyau, tufafinsa an riga an rabar, wannan ce ta rage. Amma ko a tawa suke, ai daga tasa suka fito. Ban san ko zancen alhakin nan gaskiya ne ba, ni ba malama ba ce. Idan fa gaskiya ne? Yaron da bai samu ko kalmar shahada daga bakin wani ba, ni ce zan ƙara masa nauyi don in ji daɗi?

Na ce, "Goge."

Ban gama gyara mayafina ba ya miƙo mini ita. Na kai wa Inna, ta kunna karatu, ta ajiye a kan taga.

Da kaka na sake zuwa gida. Muna zaune ni da Inna a tsakar gida muna murzar masara. Ban san ina yi ba, ashe muryar waƙar furar nake bi a hanci. Kalmomin sun zube mini, sai karin kawai, shi ma da gyara.

"Ba haka take ba," in ji Inna, ba ta ɗago kai ba.

Sai ta ɗauko ta daga farko, da tsohuwar muryarta, baiti bayan baiti, har inda furar ta yi tsami. Matar da kullum safiya take ƙwala masa kira ta bayan zana ya kashe abin nan. Hannunta bai bar masarar ba har ta kai ƙarshe.

Na ce, "Inna, ke da kika ce a goge?"

Ta jefar da totuwa, ta ɗauki wata zangarniyar.

"Ta waya anka goge. Wagga kam sai ran da kunka kai ni."