Malama Ding, Wadda Ta Koya Wa Unguwarmu Riƙe Zarto

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. A ranar Talata, 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Ding Fengzhi a gidanta da ke unguwarmu a nan Lanzhou, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar da ta soma tun farkon bazara. Ina cikin shagona ina jan taliya aka shigo mini da labarin. Na ajiye kwaɓin, na rufe tukunyar romo, na ba masu jira haƙuri. Babu wanda ya yi ƙorafi, domin yawancinsu sun taɓa tsayawa a bencin aikinta, ko su ko 'ya'yansu.

Malama, da ranki ba ki son dogon jawabi. Kin sha cewa mai yawan bayani hannunsa ne bai sami abin yi ba. Yau sai ki yi mini haƙuri.

Na fara saninki ne shekarar da kika yi ritaya daga masana'antar ƙera famfunan ruwa, inda kika yi aikin injiniya tun kina budurwa. Kin shigo shagona da farar hularki da buhu a hannu, kika ci taliya, kika yaba romon, sannan kika ce in daina zubar da tsinkayen cin abinci da robobin lemo, in riƙa tara miki. Na ɗauka 'yar bola ce Allah ya rufa wa asiri da tufafi masu tsabta. Ashe tsohuwar rumfar ajiye kekuna da ke ƙasan benenmu kika roƙa aka ba ki, wadda ta daɗe babu mai shiga sai kyanwa. Kika share ta, kika kafa benci, kika rataye zarto da guduma da filaya a bango, kika sanar cewa kowace Asabar duk yaron da ke son ƙera wani abu ya zo.

Sharaɗinki guda ne: yaro ba ya zuwa shi kaɗai, sai da babba daga gidansu, kuma babban ba kallo ya zo yi ba. Babu kujerar zama a rumfar ko ɗaya. A bakin ƙofa kika ajiye wani tsohon madambaci, kowa ya shigo ya jefa wayarsa a ciki ya rufe. Iyaye sun yi gunaguni, sun ce sun ɗauka wurin ajiye yara aka buɗe don su sami sararin zuwa kasuwa. Kika ce musu wurin ajiye kekuna ne dai a da, kuma an daina.

'Yata Ningning tana da shekara tara a lokacin. Mahaifiyarta ta tafi kudu aikin masana'anta, ba ta zuwa gida sai da bikin sabuwar shekara, yarinyar kuwa ta koma shiru-shiru. Ta daina wasa a tsakar gida, a makaranta ma an ce lissafi ba ya shiga kanta, an mayar da ita kujerar baya. Wata Asabar ta je ta tsaya a bakin rumfarki tana leƙe. Ba ki kore ta ba, ba ki kuma shigar da ita ba. Kika riƙo hannunta har shagona, ana tsaka da ciniki, kika ce: "Kai Weimin, hannun da ke mayar da kwaɓi zare ba zai kasa riƙe gam ba. Bar wa ƙaninka tukunyar nan ka taso." Na ce Asabar ranar kasuwa ce. Kika ce: "Taliya kullum ana yin wata. Wannan fa?" Kika ɗaga hannun yarinyar sama kamar ana gwanjo. Na cire rigar aikina na bi ki.

A ranar nan, gada aka gina da tsinkayen shagona. Ni da Ningning muka jera su, muka manna, muka ɗora bulo ɗaya a kai, gadar ta ruguje nan take. Yarinyar ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko. Ke kuwa sai kika hau tafi, kika sa duk rumfar ta tafa, kika ce: "Madalla, ta karye! Zo ki nuna mini inda ta fara karyewa." Ningning ta daɗe tana duba tarkacen, sannan ta nuna wata kusurwa da yatsa. Kika tambaye ta me za a yi wa wurin. Ta ɗauki tsinke ɗaya ta gitta shi a karkace. Ba ki ce mata daidai ne ba, kika ce a gwada. Gada ta biyu ta ɗauki bulo, ta ɗauki na biyu. A hanyarmu ta komawa gida yarinyar nan ba ta rufe baki ba har muka hau bene, ni kuwa ina binta da "to" da "haka ne", don na manta yadda muryarta take idan tana murna.

Tafin nan ya zama al'adar rumfar. Jirgin takarda ya faɗi, a tafa. Ƙwan fitila ya ƙi kamawa da batir, a tafa, sannan a bi wayar a ga inda ta tsinke. Da kunnena na ji wani yaro ya fasa kwano a shagona, ya dubi uwarsa ya ce ta tafa masa. Ba ta tafa ba.

Tsoho Hei mahauci, wanda ya fi kowa ƙiba da baki a unguwar, shi ne ya fi yi miki tsiya. Jikarsa ce ke jawo shi, ya zo ya tsaya yana cewa wasan tsinke ba ya cika tukunya. Kika ce masa idan damina ta wuce zai tsaya a kan wasan tsinken da ƙafafunsa. Yara da iyaye suka yi makonni suna ɗaure wata babbar gada tsakanin bulo biyu, unguwa ta taru, har liman ya leƙo bayan azahar. Tsoho Hei ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya hau yana cewa: "In na karye, Ding, ke za ki riƙa yanka mini tumaki!" Gadar ta yi ƙara, ta lanƙwasa kaɗan, ta tsaya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ba ta karye ba. Sai daɗi ya kwashe shi ya yi tsalle, nan ta watse, ya zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba. Tun daga nan shi ne mai zuwa da tsire duk ƙarshen wata, kuma shi ya fi kowa faɗa idan aka bar zarto a ƙasa.

Akwai lokacin da rumfar ta kusa rufuwa. Kin koya wa yara yin roka da robar lemo: a zuba ruwa rabi, a toshe, a hura iska da famfon keke har ta tashi. Wata Asabar sai roka ɗaya ta kauce hanya, ta haura hawa na uku, ta fasa gilashin tagar Shugaba Lan, matar da ke riƙe da kwamitin unguwa, wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Dama akwai iyayen da ke cewa wasan nan yana cinye lokacin karatun jarrabawa. Aka sa ranar taro don a karɓe makullin rumfar.

Ba ki yi musu ba. Kin je kin ba ta haƙuri, kin ce laifinki ne da kika bari aka harba tsakanin benaye. Kika ɗauki yaran da suka yi rokar da iyayensu, suka auna tagar, suka sa sabon gilashi da hannunsu. Ranar taron kuwa kika roƙi abu ɗaya: kafin a yanke hukunci, Shugaba ta ga abin da za ta hana. Aka fita filin bakin kogi. Kika miƙa mata famfon. Ta karɓa da yatsu biyu kamar an ba ta mataccen ɓera, ta fara bugawa, fuska a murtuke. Robar ta kuɓuce, ta yi sama har ta zama ɗigo, ruwan kuwa ya wanke Shugaba daga gashi har takalmi. Ta share fuska, ta bi robar da ido har ta faɗo, ta ce: "Ai ba ta kai ta yaran nisa ba. A sake cika mini." Hukuncin da aka yanke shi ne roka sai a bakin kogi, kuma Shugaba Lan ce ta nemo muku izinin filin.

Shekaru sun tafi a haka. An yi tanda mai dafa ƙwai da hasken rana, an yi mota mai tafiya da robar ɗauri, an yi madubin kallon wata da bututun kwali. Kakanni da ba su iya karatu ba sun koyi haɗa waya tare da jikokinsu. Uba da ɗan da ba sa ga maciji da juna sun riƙe katako ɗaya, ɗaya na yanka ɗaya na tallafewa, domin kin ƙi sayen abin matse katako da gangan. Wasu daga cikin yaran sun zama masu gyaran lantarki, wasu malaman makaranta, wasu ba su zama komai na kimiyya ba, amma ba sa jiran mai gyara idan famfo ya lalace. Ningning tana jami'a yanzu, tana karatun aikin ban ruwa. Mahaifiyarta ta dawo gida tun tuni, ita ma ta yi nata zamanin a bencinki.

Aikinki na ƙarshe shi ne wilin ɗiban ruwa. Tsofaffin unguwa suna da ɗan lambu a gefen magudanar da ke zubawa kogi, suna jidar ruwa da bokiti, gwiwoyinsu na ciwo. Kika ce a ƙera musu wili na katako irin na kakanninmu, wanda gudun ruwa ke juya shi, yana ɗebowa da guntayen gora yana zubawa a indararo. An fara shi kina da lafiya, aka ci gaba kina kan keken marasa lafiya da bargo a cinya, mijinki Baba Hai yana tura ki. Kin rame, muryarki ta ragu, sai kika samo usur kina hurawa idan kin ga ƙusa ta karkace.

Ranar gwajin farko wilin ya juya lafiya, amma gorar ta riƙa zubar da ruwan kafin ta kai sama, duk a kan masu kallo. Hankalinmu ya tashi, domin likita ya riga ya faɗa wa iyalinki abin da ya faɗa, kuma mun san ba lallai a sami gwaji da yawa ba. Muka zuba miki ido mu ji gyaran. Kika ce: "Ni na gaji. Ku tambayi yaran." Ningning ta zo hutu a lokacin. Ita da ƙananan suka shiga ruwa har gwiwa, suka kwance gorar ɗaya bayan ɗaya, suka sake ɗaure ta a karkace, suna gardama, suna gwadawa. Da la'asar ruwan farko ya hau, ya zuba a indararo, ya gangara cikin kunyar kabeji. Tsofaffi suka yi ta kabbara. Kika sa aka matsar da kekenki kusa, kika tara hannu ruwan ya zuba a tafinki, kika ce: "Yana ƙara da yawa. A sa masa mai." Ba ki sake fitowa ba bayan wannan.

An yi miki salla washegarin rasuwarki. Masallacinmu bai ɗauki mutanen ba, sahu ya fita har titi, maƙwabtanmu da ba Musulmi ba kuma suka tsaya a gefe, hula a hannu, har aka ɗauke ki. Matan unguwa sun soya wainar sadaka an raba gida-gida. Baba Hai ya faɗa mini, yana dariya hawaye na zuba, cewa ƙofar ɗakin girkinku ta shekara tana lilo, kullum kina cewa sai kin sami lokaci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Hai Zhenglin, da ɗanku Hai Jun da matarsa, da jikokinku, da 'yan'uwanki da ke Linxia, da dukan yara da iyayen da suka ratsa ta rumfar nan. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya saka muku da alheri kan Asabar ɗin da kuka bar mana ita shekara da shekaru.

Allah ya jiƙan Malama Ding, ya gafarta mata kurakuranta, ya yalwata kabarinta, ya haskaka shi. Allah ya sa ilimin da ta bayar ya riƙa iske ta. Malamai suna yi mana wa'azin sadaka mai gudana, muna ji da kunne. Taki, Malama, tana nan a bakin magudana, an sa mata mai, tana juyawa. Allah ya karɓa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.