Hannun Kawu da Littafin Coci

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, sana'arsa kwashe masai. Yana da tsohuwar motar tanki da doguwar mesa, shekara ashirin da shida ke nan yana zuƙe abin da mutanen unguwa suka ci suka manta da shi. Ban taɓa jin ƙyamarsa ba. Waɗanda nake ƙyama suna zaune a bencin gaba na cocinmu na Katolika, sai ƙamshi suke yi.

Duk bayan mako biyu, Kawu ne mai karatun farko a Misar Lahadi. Tun Asabar yake shiri. Ya yanke farce, ya dirje hannu da burushi har fatar ta yi ja, ya ciro farar rigarsa daga ledar da ba ta taɓa kusantar kayan aiki ba. Sai ya zauna bakin ƙofa da ƙaramin Littafinsa Mai Tsarki ya bi karatun sau biyar, sunaye masu wuya ya yi ta nanata su har su kwanta masa a harshe. Bai wuce firamare ba, amma in ya hau mumbari, tsofaffin da ke bencin baya ba sa kai hannu kunne.

Ni ke da shagon buga takardu kusa da cocin, ni ke buga jadawalin masu karatu. Wata Juma'a shugabar kwamitin sujada, wadda muke kira Madam Turare a bayan idonta, ta shigo rungume da babban littafin karatu. Sabo ne fil, ita ta saya wa coci, kuma ba wanda ta bari bai ji labari ba.

"'Yata, yi mini hoton wannan shafin. Ki ƙara girman rubutun, idon kawunki ya soma rauni."

Har godiya na yi mata, wawuya da ni, alhali Kawu da kansa yake zura zare a allura.

Wata huɗu ana haka. Ranar da shi ne a jadawali, sai ya tarar da takarda ɗaya a kan mumbari, littafin a rufe can gefe. Yana sauka a buɗe wa mai karatu na biyu, mijin Madam, ɗan kwangila mai lasar yatsa kafin ya juya shafi. Gefen shafukan duk sun yi dabbare-dabbare da yawunsa, ba wanda ya ga laifi.

Wata Lahadi bayan Misa na kai jadawali ɗakin da Fada, limamin cocin, ke sa tufafin sujada. Na tarar da Madam ta naɗe yatsu biyu da tishu, ta ɗago takardar Kawu, ta sake ta cikin kwandon shara a kan ɓawon ayaba. Tana ce wa katikis, mai koyar da addini a cocin, "Ba raini ba ne, amma ka san inda hannun nan ke shiga. Littafi ne mai tsarki fa." Shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Matar nan ce fa masanta ya tumbatsa bara har bakin kicin, ta riƙa kiran Kawu tana cewa, "Baba, ka rufa mini asiri." Na ajiye jadawalin na fita.

Da yamma na same shi a gida.

"Kawu, ka san abin da suke yi maka?"

"Tun makon farko, 'yar nan."

Ya jawo ledar farar rigar. A ƙarƙashin rigar ga takardun nan takwas, ya miƙe su sumul, ta yau a sama da tabon ayaba.

"Nakan jira a watse in je in tsamo," in ji shi.

"Tashi mu je wurin Fada yanzu!"

"Sai ya tilasta musu su ba ni littafin, mutane su koma kallon hannuna su bar jin karatu. A'a. Ki cire sunana kawai."

"Don wannan matar?"

"Ni toshe mini hanci bai taɓa hana ni barci ba. Amma saboda ni ake jefa Maganar Allah a shara. Ni kuwa na san inda shara ke zuwa."

Na yi faɗa, na yi kuka, bai canja magana ba. Ranar Litinin da hannuna na goge sunansa, ina jin ƙyamar kaina da na buga takardun nan takwas.

Lahadin da ya kamata a ce tasa ce, ya zauna a bencin baya cikin farar rigarsa. Mijin Madam ya hau mumbari, ya lashi yatsa, ya soma cinye kalmomi. Tsohuwar da ke gefen Kawu ta kai hannu kunne, ta taɓo shi.

"Me yake cewa ne?"

Kawu ya sunkuya daidai kunnenta, ya karanta mata ayoyin da ka, daga farko har ƙarshe. Ashe ranar Asabar ma sai da ya bi karatun sau biyar.