Kazar Gwaggo Vernice

A garinmu da ke jihar Mississippi ta Amurka babu mai soya kaza kamar Gwaggo Vernice, kuma ita ce ta farkon da za ta gaya maka haka. Duk Laraba wani wakilin kamfanin magunguna yakan sayi girkinta, ta kai asibitin mata. Likita Pruitt na ci, wakilin na zuba masa tallar ƙwayoyinsa. Gwaggo ba ruwanta, sai dai ta tsaya ta ga wa ya rage burodin masara ta bi shi da harara.

'Yarta ɗaya, Shondra, uwar surutu. Bayan aurenta ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, sai yarinya ta yi tsit. Ba ci, ba fira, sai kwanciya. Ta je wurin Likita Pruitt, kafin ta gama zama ya rubuta mata maganin ciwon damuwa, na kamfanin wakilin nan. Wata da watanni ba sauƙi. Ranar da Shondra ta ce ba ta ga amfanin wayewar gari ba, na ga tsoro a idon Gwaggo.

Gwaggo ba ta san komai game da magani ba. Abin da ta sani shi ne likitan nan ba ya zama ya saurari mutum sai da faranti a gabansa. Ranar Alhamis ta soya kaza da kanta, ta tasa Shondra gaba har ofishinsa.

Ya ce ai yau ba Laraba ba ce.

"Na sani, Likita. Yau ni ce kamfanin. Ci, ita kuma ta yi magana."

Kunya ta kama shi, amma ya zauna. Shondra ta faɗi komai, har lokacin da abin ya soma, wato bayan ta fara shan ƙwayar tazarar. Ya ce ba shi da tabbas, amma za a sauya mata hanyar tazarar a gani, kuma kada ta yanke maganin damuwar kwatsam.

Labari ya kai kunnen wakilin, ya ji haushi, ya mayar da cinikinsa wani gidan abinci. Gwaggo ko a jikinta.

Sauƙin ya zo a hankali. Wata safiya Shondra ta kira ta a waya, ta yi ta mita a kan mijinta da ya wanke fararen kaya tare da jan wando. Gwaggo ta riƙe wayar tana share hawaye.

"Ci gaba, 'yar nan. Sai kuma ya yi me?"