Gorar Babana da Jan Layi

Shekarar da na gama aji uku na ƙaramar sakandare aka ja mana layi. Jan biro ne kawai a kan taswira, amma ya shiga barcina tun kafin in gan shi da idona. Nakan yi mafarkinsa miƙe a kan fadama kamar igiyar shanya, ina tafiya a kai da takalman makaranta a hannu, shinkafa tana kaɗawa a ƙarƙashina.

Ƙauyenmu yana gefen Zauro, kuma tun da aka san boko a wurinmu, makarantar cikin Birnin Kebbi yaranmu suke zuwa, ta kan tudu, ƙafa ba ta taɓa ruwa. To, gari ya cika ya batse. Mutanen unguwar Badariya da ke cikin gari suka yi ta kukan 'ya'yansu na zama a bakin taga, kuma gaskiyarsu ce, don ni ma na sha ɗaukar darasi a tsaye. Sai aka gina sabuwar makaranta a wani ƙauye da ke tsallaken fadama, aka ce duk wanda layi ya bari a wancan gefen, can zai koma. Mu kuwa layi ya bar mu a can.

A takarda, sabuwar ta fi kusa da mu. Da rani ma haka ne, kana hango kwanonta yana ƙyalli daga bakin rijiyarmu. Amma da damina gulbi yakan tumbatsa, hanyar ta koma tafki wata uku cur. Mai zanen da rani ya zo, ya ga busasshiyar ƙasa da jakuna suna ratsawa, ya koma ofis ya ja layinsa.

Inna ba ta ja magana ba. Tana tankaɗe ta ce, "Ɗiyata ba ta shiga jirgin haya da yara cunkushe. In sai ta ruwa za a tai, ta zamna gida." Na san Inna. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, don ina son makaranta, so ba na wasa ba.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Mu mata muka laɓe bayan zana. Jami'in ilimi ya zo da taswirarsa, saurayi mai ladabi, gumi ya jiƙa masa hula. Kan ƙauyenmu ma ya rabu. Telanmu ya ce sabuwar makaranta tana da benci da rijiyar burtsatse, me kuma ake nema? Wani tsoho ya ce shi a mayar da layin ya bi ta bayan gonarsa, a huta. Aka yi ta surutu, kowa na jan layin zuwa inda ɗansa zai ji daɗi.

Babana ba mai magana ba ne a taro. Manomin shinkafa ne, yakan taɓa kamun kifi kuma idan ruwa ya zo. Yana da wata doguwar gora da yake tuƙa jirginsa da ita, kuma kowace damina, ranar da ruwa ya kai maƙurarsa, yakan kafa ta a gindin giginyar da ke tsakiyar fadama, ya tsaga shaida da wuƙa. Ita ya ɗauko ranar, ya kafa a gaban jami'in.

"Ranka shi daɗe, ga tawa taswira. Wagga tsaga ta bara ta. Taso ka tsaya nan mu gani."

Jami'in ya tashi ya tsaya. Tsagar ta wuce hularsa da kusan kamu ɗaya. Wuri ya ɗauki dariya, har shi ma ya yi. Ya ce, "Baba, wallahi na gane. Amma takarda ta riga ta wuce sama, sai dai in rubuta." Na yarda ya rubuta. Layin dai bai motsa ba sai bayan na gama.

Damina ta sauka, ruwa ya rufe hanya. Ranar da aka koma makaranta bayan hutu ina kwance ina jin haushin duniya, sai na ji muryar Baba a ƙofar ɗaki: "Tashi ki sa kayanki. Innarki jirgin haya ta hana, ba nawa ba."

Waɗannan safiyoyin su ne har yau ban tabbatar a farke na yi su ba. Tururi yana tashi daga ruwa, bado yana buɗewa a gefen jirgi, balbelu suna tsaye a kan kunyar gonar da ba ta nutse ba. Kan shinkafa kaɗai ke leƙowa. Ina zaune a gaba da jaka a cinya ina haddar darasi, shi yana baya, ba na jin komai sai shigar gora da fitarta. Wani lokaci nakan leƙa ƙasa in nemi jan layin a cikin ruwa. Idan mun wuce giginya yakan ce, "Karanta da ƙarhi, in ji abin da anka koya maku." Damina uku muka yi haka, kai da ɗauko.

Bayan rasuwarsa na je gida na tarar da gorar a jingine a zaure. Ina shafa tsagogin ina tambayar Inna wace ce ta wace shekara. Ta nuna mini uku a jere ta ce su ne nawa. Sannan ta ce a shekarun nan rumbunmu bai taɓa cika ba, don safiya ce lokacin ciyawa da korar tsuntsu, shi kuwa safiyarsa tana kan ruwa. Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ta ce shi ya hana, wai kada in ji nauyi in ce na fasa.

Na zauna a ƙasan zauren da gorar a kan cinyata, Inna ta koma ciki ta bar ni.